Darasin golf a Accra: abin da Koci ya gyara mini da inda ya gaza

Tun da aka fara ganin jakar sanduna a but ɗin motata, ba na zama majalisar ataya a Nima ba a tsokane ni ba. Wasu su ce Alhaji ya koma Bature, wasu su ce kuɗi ne suka rasa inda za su. Amma idan aka watse, akwai masu jan hannuna gefe su tambaye ni da gaske: nawa abin yake ci, kuma malamin nan da kake biya, yana da amfani ko zubar da kuɗi ne? Saboda su na zauna rubuta wannan. Yana da amfani, har na sake biya, amma akwai inda ya gaza, kuma ba kowa ne zai iya zama da shi ba.

Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi filin da muke haɗuwa ba, tunda akwai ƙorafi cikin maganata. Kowa Koci yake ce masa, ni ma haka nake kiransa.

Ni ajan ne a tashar jiragen ruwa ta Tema, aikina fitar wa 'yan kasuwa kwantena. Shekaruna sun haura hamsin. Likita ne ya ce suga na neman hawa, in nemi abin da zai sa ni tafiya da ƙafa, sai wani mai kaya da nake yi wa aiki ya ja ni filin golf. Zagaye guda rami 18 ne, mutum zai yi wajen awa huɗu yana tafe, kuma tafiyar ba ta kasa kilomita 6, balle ga mai bin ƙwallo cikin ciyayi hagu da dama. Filayen yankin Accra ba su da yawa, amma sun wadatar: akwai na Achimota da yake nan tun zamanin Turawan mulkin mallaka, akwai Celebrity a Sakumono, akwai na Tema, akwai Bok Nam Kim. Masu cewa wasan Turawa ne kuwa, nakan tuna musu cewa Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, yana buga shi, kuma ana yin gasa da sunan sarautarsa a Royal Golf Club na Kumasi. Daga nan bakinsu yakan mutu, ko da na minti biyar ne.

Na daɗe ina bugawa ba malami, makina yana yawo tsakanin 110 da 118, a wasan da mai ƙaramin maki shi ne gwani. Kowane abokin wasa da shawararsa. Wannan ya ce kada ka ɗaga kai, wancan ya ce lanƙwasa gwiwa, kadi, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jaka, ma ya sa baki. Wani kadin ne dai ya haɗa ni da Koci.

Ɗan Zango ne, bai kai arba'in ba. Tun yana yaro yake ɗaukar wa masu wasa jaka, a nan ya koyi bugu da tsofaffin sandunan da aka yar. Ba shi da ofis, ba shi da takardar shaida rataye a bango. Da Hausa yake koya mini, kuma wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala, domin idan ya ce “saki kafaɗa” ko “kada ka shaƙe sandar”, jikina yana ji nan take.

Ranar farko bai bar ni na taɓa ƙwallo ba sai da muka yi wajen rabin awa a kan benci.

“Alhaji, me kake nema a wasan nan?”

Na ce ina son direbata ta riƙa nisa kamar ta abokan wasana. Direba ita ce sandar da ta fi kowacce tsayi, mai ƙaton kai, wadda ake buɗe dogon rami da ita.

“Wannan sha'awa ce. Ba ni lamba.”

Na ce to, in sauka ƙasa da 100.

Ya karɓi tsohon katin makina ya kifa shi, ya ciro guntun fensir daga bayan kunne. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai gama shi da shi: uku, huɗu ko biyar. Idan aka tara ramuka 18, yawancin filaye suna kamawa 72 ko kusa da haka. Ya rubuta 72. Ya ce idan ka ƙara bugu ɗaya a kan ƙa'ida a kowane rami, 90 ke nan. Idan ka ƙara biyu a kowane rami, 108. To a rami tara ka ƙara ɗaya, a sauran tara ka ƙara biyu, ƙarin ya zama 27, jimla 99. Ya ja layi a ƙarƙashin lambar ya miƙo mini.

“Ka gani? Ko rami ɗaya ba sai ka yi shi a kan ƙa'ida ba. To me ya kai ka neman bugun da Tiger Woods ne yake yinsa?”

Ni mutumin lissafi ne, kullum cikin kuɗin fito da takardun kwastan nake, amma ban taɓa duban katin ta wannan fuskar ba. Ya ƙara da wani: rami mai tsawon yadi 380, ƙa'idarsa huɗu. Idan ƙarfe mai lamba bakwai, wato ɗaya daga cikin sandunan matsakaicin nisa, yana kai maka yadi 130, bugu uku ya kai ka girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin yake tsakiyarta. Ka tura ƙwallo sau biyu, ka gama da biyar, ba ka ko zaro direba daga jaka ba.

Haɗuwa ta gaba ya bi ni rami tara bai ce uffan ba, sai rubutu yake a 'yar takarda. Ba makina yake rubutawa ba. Abu uku yake ƙirgawa: bugun tara, wato wanda doka ke ƙara maka a matsayin hukunci, ramukan da na tura ƙwallo sau uku a kan girin, da bugun da sanda ta ci ƙasa ƙwallon ta gangara taku goma ta tsaya. Da muka gama ya nuna mini, kusan duk abin da ya raba ni da 99 yana cikin waɗannan ukun. Na tara ya fi ciwo. Idan ka buga daga farkon rami ƙwallon ta haye fararen turakun iyaka, ko ta ɓace aka yi minti uku ana nema ba a gani ba, doka ta ce ka koma inda ka buga, kuma bugun da za ka yi shi ne na uku. Da minti biyar ake bayarwa, a 2019 aka mayar da shi uku. Wato bugu biyu sun tafi ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Daidai yake da kwantenar da ta kwana a tasha bayan wa'adi: kuɗi na hawa, kaya na nan inda suke.

A nan ne na ga kuɗina sun fara aiki. Ya ce mu manta da 99 tukuna, tunda lamba ce da ba ta hannunka sai ka gama rami 18. Abin da za ka iya riƙewa shi ne kada bugun tara ya wuce biyu a zagaye, kada turawa uku ta wuce rami uku. Waɗannan nake rubutawa a gefen kati har yau.

Wajen gyaran bugu kuwa kayan aikinsa ba su wuce abin da za a saya a kiyos ba. Yana da 'yar robar hodar jarirai a aljihun jaka. Ya barbaɗa a fuskar ƙarfe mai lamba bakwai, ya shafe da babban yatsa har ta yi fari fat, ya ce buga. Na buga, ya ɗago sandar ya kawo ta daf da idona. Ga tambarin ƙwallon nan zagaye, har 'yan ramukan jikinta sun fito a cikin hodar, amma ba a tsakiya ba, can wajen dunduniya kusa da wuyan sandar. Ya sake shafawa, na sake bugawa, tambarin ya sake fitowa a wuri guda. Ya sa ƙafa ya tura ƙwallon gaba kamar faɗin yatsu uku, ya ce tsaya inda kake, kada ka bi ta. Da tambarin ya faɗo tsakiya ban buƙaci a faɗa mini ba, ƙarar ma daban ce, kuma hannuna bai ji girgizar da ya saba ji ba. Gani ya kori ji.

Lanƙwasar da ƙwallona ke yi zuwa dama, wadda ita ce ke kai ni bayan fararen turaku, ya bayyana mini ita da sanduna biyu a ƙasa. Ɗaya tana nuna hanyar da sandar ke bi, ɗaya tana nuna inda fuskarta ke kallo lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Inda fuska ke kallo shi ne ya fi yanke inda ƙwallon za ta fara nufa, bambancin da ke tsakanin fuska da hanya kuma shi ke lanƙwasa ta a sama. Ga mai bugu da dama, idan fuska ta buɗe ta kalli dama fiye da hanyar sandar, ƙwallon dama za ta karkata. Maganin da ya fara da shi riƙo ne: in murza hannun hagu har in ga gaɓoɓi biyu zuwa uku na bayan yatsuna idan na duba ƙasa. Makonnin farko sai na ji kamar hannun wani aka ara mini, har kanta ta fito mini a tafi. Ya ce haka ake so, riƙon da ya yi maka daɗi ranar farko tsohon riƙonka ne.

Cin ƙasa kuma tawul ya yi masa. Yakan shimfiɗa shi kamar faɗin tafin hannu a bayan ƙwallo, idan sandar ta taɓa tawul kafin ƙwallo, a sake.

Kan girin ya fi ɓata lokaci a kai, kuma nan ne gwanintarsa take. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne kacal. Ya ce ko ƙwararrun Amurka da ke cin abinci da wasan, daga nisan ƙafa takwas kusan rabi kawai suke jefawa, to kai da kake taku goma sha biyar daga rami me ya sa kake nufin ramin? Nufi da'ira mai faɗin yadi ɗaya kewaye da shi. Yakan kafa 'yan tsinkayen ti, waɗanda ake ɗora ƙwallo a kai a farkon rami, zagaye da rami, ya sa ni tura ƙwallo daga nesa har sai sun riƙa tsayawa cikin da'irar, sannan mu koma jefa na yadi ɗaya a jere, in na kuskure ɗaya a faro daga farko. Aiki ne mai gundura, rana na dukan ƙeya, babu abin burgewa da za a ɗauka a waya a tura wa abokai. Amma turawa ukun nan ita ta fara raguwa kafin komai.

Shi ne kuma ya matsa mini in yi rajistar handikaf ta hannun kulob, wato lambar da ke nuna matsayin ɗan wasa, wadda ake rage masa maki da ita a gasa, in daina ƙiyasi da baki. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya, wanda hukumomin R&A da USGA suka fitar. Da katunan rami 54 ake fara ba mutum lamba, iyakarta 54.0, kuma idan katunanka sun kai 20 ana ɗaukar takwas mafi kyau ne a fitar da matsakaici. Akwai kuma iyaka ga abin da rami ɗaya zai iya ja maka a lissafin, don haka ramin da ka yi bugu goma sha ɗaya ba zai rusa komai ba. Sharaɗinsa shi ne in miƙa kowane kati, mai kyau da mummuna. Akwai masu ɓoye katunansu masu kyau don lambarsu ta zauna sama su riƙa kwashe kyauta a gasar kulob, kowa ya san su, ana dai gaisawa. Ya ce ɗalibinsa ba zai shiga cikinsu ba.

Na sauka ƙasa da 100, na yi 98. Sai dai a faɗi gaskiya, cikin hunturu ne, lokacin da ƙasa ta bushe ƙwallo ke gudu yadi ashirin bayan ta sauka, ciyayin gefe kuma sun yi sauƙin nema. Da ruwan Mayu da Yuni ya sauka, ciyawa ta yi kauri, ƙwallo na faɗuwa ta lafe inda ta faɗi, sai na koma 101 zuwa 104. Duk wanda zai auna malami, ya auna shi a damina. Ko a hakan, tazarar da ke tsakanin inda nake da inda na fito ta kai bugu goma, kuma ba na ɓatar da rabin ƙwallayen da nake ɓatarwa da.

To ga inda ya gaza.

Lokaci ba ya cikin abubuwan da yake girmamawa. Ni ina idar da sallar asuba nake kama hanya don in riga cunkoson Tetteh Quarshie, in isa ƙarfe shida, shi kuma sai shida da rabi ko bakwai saura, kullum da labarin turoturo, motar haya. Yakan cika mini awata, ban ce ya taɓa cin haƙƙina ba, amma ni ina da kwantena da ke jirana a Tema. Ga waya. Ana tsakiyar darasi za ta yi ƙara, ya ce “Alhaji minti ɗaya”, ya juya baya yana cinikin sanduna da wani, ni kuma ina ta bugu ba mai kallo. Bugun da malami bai gani ba, da shi da wanda na yi ni kaɗai duk ɗaya ne, sai dai wannan na biya.

Cinikin sandunan ma abin lura ne. Yana sayar da na gwanjo, kuma bai daɗe da fara koya mini ba ya ce jakata na buƙatar sabon weji, sandar gajeren bugu, yana da wani mai kyau. Na ce a bari tukuna. Bai sake tayar da maganar ba, wannan na yaba masa, amma na ga wani sabon shiga da aka ɗora wa cikakkiyar jaka tun bai iya riƙo ba. Doka ta yarda a ɗauki sanduna har 14, mai koyo kuwa bakwai sun ishe shi shekara guda. Kuma ba ya rubuta komai. Abin da ya ce a yi a gida, idan ba ka rubuta da kanka ba, mako mai zuwa shi ma ya manta, sai ya kawo wani sabo.

Babban saɓaninmu dai a kan direba ne. Tun watan farko ya zare ta daga jakata ya ce ta zauna a but. Na yarda, kuma ta yi amfani, bugun tara ya ragu nan da nan. Amma watanni suka wuce, duk lokacin da na ce yaushe za mu koma kanta sai ya ce kuɗi a kan girin suke. Ɗana da ke karatu a jami'ar Legon ya turo mini bayanin wani bincike na Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia a Amurka, wanda ya ƙirƙiro hanyar auna ribar kowane bugu da gasar PGA Tour ta fara amfani da ita a 2011. Abin da ya gano shi ne kusan kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin mai kyau da wanda bai kai shi ba yana fitowa ne daga dogayen bugu, na sama da yadi 100, ba daga kan girin ba. Na nuna wa Koci a waya. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, “Alhaji, shi farfesan ya taɓa ɗaukar wa wani jaka?”

Dariya na yi, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. A ganina kowa da gaskiyarsa. Ajiye direba ya kai ni 98, ba zai kai ni 90 ba, domin wanda ke isa girin a bugu uku kullum ba shi da sararin kuskure ko ɗaya. Kuma a filin da ke kusa da teku irin na Sakumono, idan iskar yamma ta taso tana dukan fuska, yadi 130 ɗin nan sai ya koma 110, lissafin bencin ya wargaje. Ɓoye sandar ba koyar da ita ba ne. Ina zargin ma shi kansa ya fi sakin jiki da koyar da gajeren bugu, abin da tsofaffin kadi suka fi ƙwarewa a kai, tunda shi suka yi ta yi a bayan ɗakin ajiye jaka suna jiran mai gida.

Kuɗinsa dai, ana biya darasi-darasi ko a biya goma a dunƙule ya sauƙaƙa, kuma yana karɓar MoMo. Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne kuɗin malami ba shi ne babba ba. Bokitin ƙwallayen atisaye daban, kuɗin shiga fili daban, kuma wanda ba mamba ba ya fi biya, ga sallamar kadi, ga mai. Inda ake samun sauƙi shi ne sutura da ƙwallo. Riga mai kwala ake so, ba a shiga da kaftani ko silifas, kuma kasuwar Kantamanto ta wadatar da ni riguna da wanduna. Ƙwallo kuma na hannu nake saye wurin yaran da ke tsinto su a daji, wasu ma ina kyautata zaton nawa ne suke dawo mini da su. Wanda ke jin nauyin zaman bayan wasa saboda ana sayar da giya a gidan kulob, ba wanda zai tilasta masa, ni lemo nake sha mu gaisa in tafi, kuma dardumata tana cikin mota. Cikin azumi mukan mayar da darasi bayan la'asar, mu taƙaita a kan girin.

Wanda makinsa ke sama da 100, mai haƙurin maimaita abu guda har ya gundure shi, zai ci riba wurin Koci, musamman idan Hausa ta fi masa sauƙi. Wanda ya riga ya sauka 90, ko mai son a ɗauke shi bidiyo a auna masa gudun sanda da na'ura, ya nemi wani. Wanda kuma minti ashirin na jira ke tayar masa da hawan jini, kada ma ya fara.

Da na je sake biyan goma, sai da muka yi sharaɗi a kan bencin nan. Ranakun aiki za mu riƙa haɗuwa, tunda Asabar ɗalibai sun yi masa yawa, Lahadi kuma ba a rasa aure a Zango. Wayarsa za ta zauna cikin jaka har mu gama. Huɗu daga cikin goman na direba ne, kuma na sayi ɗan littafi da zai riƙa rubuta aikin mako a ciki da hannunsa. Ya amince da duka ban da na waya, ya ce zai dai rage mata ƙara. Lambar da muka rubuta a shafin farko 95 ce, kuma a damina za a auna ta.